Ranar da Fanus Ya Jera Kujeru

Jama'a, a gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa tun yanzu, mai goyo ta lallashi ɗanta, domin ga shi nan tafe: Sarkin Tanderu, Gwamnan Fulawa, Babban Hafsan Hafsoshin Kwaɓi na Nazlat Gabriyal da kewaye, har zuwa bakin gonar rake inda karnukan garinmu suke tsayawa su juyo. Mai girma Fanus ɗan Sidrak! Idan kun waiga ba ku gan shi ba, ku ɗan sauke ido ƙasa. Shi ne wancan gajeren mai farar gira, wanda jallabiyarsa ta manta asalin launinta, yake tafe yana karkacewa kamar jakin da aka labta wa kaya gefe guda. Girar ma ba duka tsufa ba ne, rabi fulawa ce.

Ni dai tuk-tuk nake ja, keken haya mai ƙafa uku, kuma makaranta ta gaji da ni tun kafin in gaji da ita, don haka kada wanda ya ce in kawo masa shekara da wata. Labarin nan a bayan kujerata na tsince shi, guntu-guntu, daga bakin tsofaffin da nake kaiwa kasuwar Akmim. Abin da ya rage kuma daga bakin mai shi na tatso, da ƙyar, kamar mai matsar raken da aka riga aka tsotse.

Ammu Fanus, wato Baffa Fanus a bakinmu, shi ke gasa gurasar coci, wadda muke kira kurban. A bayan cocinmu akwai wani ɗan ɗaki mai baƙin rufi da ake ce wa Baitalami, nan ne fadarsa. Fulawa, ruwa, yisti, shi ke nan. Ba gishiri, ba sukari. Yana kwaɓawa yana rera addu'a ƙasa-ƙasa, ya mulmula, ya danna hatimin katako mai gicciye, ya jera a tanderu. Ran Lahadi Abuna, limamin cocinmu, ya duba ya zaɓi wadda ta fi kyau ya hau da ita bagade, daga ita kowa zai karɓi ɗan gutsure a baki. Sauran kuma a raba wa jama'a bayan an tashi. Tun yana saurayi yake wannan aiki, har fatar hannunsa ta daina sanin zafi.

Amma ba za ku gane Fanus ba sai kun san uwarsa.

Sunanta Bakita, sai dai ba wanda ya isa ya kira ta haka. Ta daɗe a gidan miji ba haihuwa, har dangin Sidrak suka fara yi mata gaisuwa da gefen baki. Ba cocin da ba ta kunna kyandir ba, ba dutsen waliyyin da ba ta hau ba. A ƙarshe ta tsaya gaban bagade ta yi alkawari: in Allah ya ba ta namiji, na gidansa ne, zai yi masa hidima. Da aka haifi Fanus, aka fara kiranta Ummu Fanus kamar yadda ake kiran kowace uwa da sunan ɗanta na fari, sai ta ɗauki sunan nan ta yafa kamar sabon mayafi. In ka ce mata Bakita, sai ta dubi bayanta ta ga ko da wata kake. Ta haifi mata a tsakani, sannan auta namiji, Nasif, amma sunan yana nan.

Kowace Lahadi bayan an tashi, Fanus yakan zaɓo gurasa guda cikin waɗanda suka rage, ya sa a aljihun ƙirji don kada ta huce, ya kawo mata a dakalin ƙofar gida. Ita kuma ba ta ci a ɓoye. Sai ta jira maƙwabta sun fito, ta ɗaga ta sama kamar tana duba kuɗin jabu.

"Ku duba hatimi," in ji ta. "Ko a babban cocin Alƙahira ba sa samun irin wannan. Ke Ummu Adil, ɗanki da yake Kuwaiti, me ya taɓa aiko miki da aka yi addu'a a kansa?"

"Firiji ya aiko min."

"To, ki ci firiji."

Haka suke har ranar da aka kawo Nasif a kan ƙyauren ƙofa.

Rigimar ban ruwa ce, irin wadda ake yi kullum a watse. Gonar gidan Sidrak da ta gidan Abdulmalak magudana ɗaya suke sha. Rushdi ɗan Abdulmalak ya toshe ruwan kafin lokacinsa ya yi, Nasif ya buɗe, aka zagi uba, aka zagi kaka, Rushdi ya ɗaga fartanya. Da rana tsaka, mutane suna kallo. Yaron da ake ta shirin aurensa bayan azumi, har an sayi katifa.

Hukuma ta kama Rushdi ta ɗaure. Amma a wajenmu ɗauri tsakanin Rushdi ne da hukuma, bai shafi jini ba. Aka binne Nasif, aka dawo gida, ba a kafa rumfa ba, ba a jera kujera ko ɗaya ba, ba a ɗora gahawa ba. Wanda ya zo da niyyar ta'aziyya, Ammu Labib, ƙanen marigayi Sidrak, yana tsaye a bakin ƙofa da sandarsa.

"Ba mu yi rashi ba tukuna," yake cewa. "In mun yi, za ku ji."

Kowa ya san ma'anar wannan. Gidan da bai karɓi ta'aziyya ba, bashin jini yake bi. Ranar da aka ji guɗa daga gidan aka ga kujeru, to an biya. Kuma ba a biya da wanda ya fi lalacewa a gidan abokan gaba, da wanda ya fi daraja ake biya. Gidan Abdulmalak suna da Ayad, ƙanen Rushdi, malamin makaranta, mutumin da ko kaza ce ta shiga gabansa sai ya tsaya ta wuce. Sunansa Labib ya ambata. Wanda zai yi aikin kuwa ba sai an ambata ba: babban ɗa.

Wata rana da azahar Fanus ya dawo daga tanderu ya zauna cin abinci. Uwarsa da kanta ta kawo tire a rufe da ƙyalle, ta ajiye a gabansa. Ya yaye. Ba miyar lalo, ba gurasa. Tsohuwar bindigar mahaifinsa ce, an goge ta da mai, a kwance a kan jallabiyar da Nasif ya mutu a ciki, wadda ba a wanke ba.

"Ci," in ji ta.

Fanus ya mayar da ƙyallen ya rufe. "Umma, ki bar ni in yi tunani."

"Tunani? Shi Rushdi da ya ɗaga fartanya, tunanin wata nawa ya yi?"

Kada ku ɗauka waliyyi ne da aka haifa ba zuciya. Shi ya goyi Nasif, shi ya koya masa iyo a magudana, shi ya wanke gawarsa ya ga inda ƙarfen ya shiga. Ya gaya mini da bakinsa cewa a lokacin, in ya rufe ido, wuyan Ayad kawai yake gani. Ya ɗauki bindigar ya sa a ƙarƙashin gado, bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba. Rake ya girma aka sare, wani ya tsiro. Gari kuwa ya sa shi gaba. In ya wuce ta wurin mai shayi sai wani ya ɗaga murya:

"Ammu Fanus, an ce bindigar taka ma sai an sa mata yisti kafin ta tashi?"

"Ku bar shi, jira yake Ayad ya tsufa ya mutu da kansa, ya ce shi ne!"

A gida uwarsa ta daina kallon fuskarsa, sai hannunsa. Yana cin abinci tana kallon hannun, yana wanke hannu tana kallo.

Abin da ya karya shi ba gorin mai shayi ba ne. Wata safiya yana kwaɓi sai ya farga ba kwaɓi yake ba, naushi yake. Addu'ar da ya saba rerawa tun yana yaro ta tsaya masa a maƙogwaro. Duk inda ya zo wurin da ake roƙon gafara, harshen sai ya ƙi juyawa, ya tsallake, ya koma farko, ya sake zuwa wurin ya sake cijewa. Haka ya gasa gurasar ran nan bebe. Da aka shiga sujada ya raɓe jikin ginshiƙi yana kallo. Abuna ya zaɓi guda ya hau da ita. Aka yi layi. Can ƙarshen layin maza, ga Ayad, wanda yanzu ta ƙofar baya yake shigowa, ya rame kamar sandar rake, ya buɗe baki aka sa masa. A ɓangaren mata ga Ummu Fanus cikin baƙaƙen kaya, ita ma ta buɗe baki aka sa mata. Daga gurasa ɗaya. Wadda ya nausa da wuyan mutum a ransa.

Da aka watse ya sami Abuna Bisada a farfajiya yana watsa wa kajinsa tsaba.

"Abuna, ka nemi wani mai gasawa."

"Hannunka ne ya karye?"

"A'a. Wani aiki ake so ya yi."

"Na ji. Duk gari ya ji, har kajin nan sun ji." Abuna ya karkaɗe hannu. "To me kake so in ce?"

"Uwata ce, Abuna. Ita ta haife ni."

"Na san ta. Ni ma tsoronta nake ji, da gemuna da komai. Amma Fanus, ba ni ka zo tambaya ba. Ka san Wanda ka zo tambaya, ka kuma san amsarsa tun kafin ka fito daga Baitalami. So kake in yi maka ragi, ni kuwa kayan ba nawa ba ne."

"In na ƙi, ba ni da uwa."

"Mai yiwuwa ne," in ji Abuna. Bai ƙara masa ko kalma ta sanyaya rai ba, kuma Fanus ya ce abin da ya sa ya yarda da shi ke nan.

Bai yi shawara da kowa ba sai matarsa Damiyana, wadda ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Bari in fara ɗaure tukwanena, don na san ba za mu daɗe a gidan nan ba." Washegari ya tafi wurin mai hayar kujeru.

"Biki ko rasuwa?" in ji mutumin, bai ko ɗago ba.

"Ta'aziyyar Nasif."

Mutumin ya ajiye kofin shayinsa a hankali, ya leƙa titi, ya rage murya. "An yi ne?"

"Ba a yi ba. Ba kuma za a yi ba."

"Ammu Fanus, kujerun nan na katako ne. In Labib ya farfasa su a kanka, kai za ka biya."

Da hantsi, rana tana haska kowane lungu, Fanus ya kafa rumfa a ƙofar gidan Sidrak. Shi kaɗai ya jera kujerun, layi biyu suna fuskantar juna, ya hura gawayi ya ɗora gahawa marar sukari. Tagogin unguwa suka cika da kawuna. Ƙarar jan kujeru ce ta fito da uwarsa. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi rumfa, ta dubi hannunsa, sai fuskarta ta fara washewa, har ta kai hannu baki za ta rangaɗa guɗa. Wannan ne, in ji shi, abin da ya fi komai yi masa ciwo: ya ga murnar da bai taɓa gani ba tun mutuwar Nasif, kuma shi ne zai kashe ta.

"Umma, kada ki yi. Ayad yana makaranta yana koyar da yara."

Hannun ya sauko. "To kujerun uban wa ka jera?"

"Na ƙanena. Ya daɗe a ƙasa ba wanda ya ce Allah ya ji ƙansa a ƙofar gidan ubansa."

"Ka sayar da jininsa."

"Ban karɓi komai ba."

"Wannan ya fi muni! Kyauta ka bayar!" Ta matso har yana jin numfashinta. "Dube ni, Fanus. Ni na ɗauke ka, ni na yi yawon duwatsu ba takalmi kafin a ba ni kai. Yau ka gaya mini a gaban mutanen nan, wa ka fi so? Ni, ko ɗan gidan Abdulmalak?"

"Ayad ba ya cikin lissafin, Umma. Ko ganinsa ba na son yi. A cikin duk mai numfashi ba wanda na fi so kamar ke. Amma akwai Wanda yake gaba da ke, kuma ke kika nuna min shi. Ke kika kai ni gaban bagade kika ce nasa ne."

"Aro na ba shi! Ban ce ya riƙe ba!"

"Ya riƙe, Umma."

Ta juya ta shige, ta bugo ƙofa. Labib ya iso a guje da 'ya'yansa, ya shuri tukunyar gahawa ta kife a kan gawayi, ya tofa yawu a gaban takalmin Fanus, ya ce daga yau Sidrak bai bar ɗa namiji a duniya ba. Kujerun dai bai taɓa ba, don ko Labib ya san abin da aka riga aka jera a idon gari ba ya kwasuwa. Babban ɗa ya buɗe ta'aziyya, jini ya rufe. Ko shi Labib ya je ya yi harbi yanzu, ba fansa za a kira shi ba, kisa ne kawai.

Fanus ya ɗauki tukunyar, ya wanke, ya sake ɗorawa. Ya zauna a kujerar farko.

Ga kujeru birjik, ba mai zama. Mutane suna wucewa ta bakin lungu kamar masu neman wani abu da ya faɗi, su leƙa, su ƙara sauri. Wa zai zauna ya sayi gabar Labib? Rana ta take, inuwar rumfa ta koma gefe, wata akuya ta zo ta tauna igiyar rumfar ta tafi. Sai Abuna Bisada ya zo ya zauna. Bayansa sai Hajji Abdurrahim wanzami, maƙwabcinsu Musulmi, ya fito da carbinsa yana cewa shi fa gwiwarsa ce take ciwo, ya ga kujera a banza. Ya karɓi gahawa, ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Allah ya ji ƙan Nasif. Kai kuma Allah ya koya maka dafa gahawa."

Da la'asar aka ga mutum biyu a bakin lungu. Tsoho Abdulmalak ne, da Ayad a gabansa, ba hula, ba takalmi, ya miƙo hannu biyu ɗauke da farin yadi a ninke. Likkafaninsa ne, kamar yadda ake yi: ga ni, ga abin da za a naɗe ni, in ka ga dama. Suka tsaya nesa, ƙafa ta ƙi ƙarasowa. Fanus ya tashi ya je ya same su. Ya karɓi yadin, ya shafa, ya mayar masa.

"Yadi ne mai kyau. Ka kai wa tela."

Ya kawo su ya zaunar, ya zuba gahawa. Ya miƙa wa kowa kofinsa. Ya ce mini har gobe bai san yadda fuskar Ayad take a ranar ba, yatsun ƙafarsa kawai ya iya kallo.

Ayad yana kai kofin baki, ƙofar gida ta buɗe. Ummu Fanus ta fito, ta shafa laka a goshi da kumatu kamar ranar jana'iza. Ba ta dubi ɗanta ba. Tagogi ta duba.

"Ku ji, mutanen unguwa! Daga yau duk wadda ta ce mini Ummu Fanus, ta zage ni. Ɗa namiji ɗaya na haifa, yana cikin ƙasa. Sunana Ummu Nasif."

Kafin rana ta faɗi tukwanen Damiyana suna waje.

Suka koma wani ɗan ɗaki da ke manne da Baitalami, inda a da ake ajiye itace. Gonarsa 'ya'yan Labib suka karɓe suna nomawa, bai je ko'ina ya kai ƙara ba. Aka aurar da 'ya'yan 'yan'uwansa mata, yana jin kiɗa daga bakin tanderu. Labib ya mutu, aka aiko masa cewa kada ya zo ya ɓata musu kujeru. Mutanen mai shayi suka daina yi masa gori, amma ba su koma ba shi wuri ba. Ayad kuwa yana nan, ya yi tumbi, ya yi sanƙo, ya aurar da 'ya. Shi da Fanus ba abokai ba ne, kada in yi muku ƙarya. In sun haɗu sai su gyaɗa kai, kowa ya wuce.

Abu ɗaya ne bai canza ba. Kowace Lahadi bayan an tashi, gajeren nan zai bi lungu da gurasa a aljihun ƙirji, ya ajiye a kan dakali kusa da ita, ya ce, "Barka da Lahadi, Umma," ya juya. Ita kuma ta kafa wa bango ido kamar an rubuta wani abu a jiki.

A nan fa ya ɗaure ta, ko da bai yi niyya ba. Gurasar da aka yi addu'a a kanta ba a jefarwa, ba a ba kaji, ba a bari a ƙasa. Ita kuwa mace ce mai tsoron Allah. Ci ba za ta ci ba, yarwa ba ta isa ba. Sai ta zauna da ita a gefe kamar an ba ta ajiyar jariri, tana harararta, har wani yaro ya gifta ta kira shi: "Kai, zo ka ɗauke wannan abin. Da hannun dama, ɗan banza! Ka sumbace ta tukuna!" Har cocinmu ta ƙaurace wa, don kada a sa mata gurasar hannunsa a baki. Ta riƙa tafiya cocin ƙauyen gaba, tana dawowa tana cewa mai gasawarsu bai iya komai ba, hatiminsa a karkace. Da gwiwa ta ƙi, ta dawo namu. Takan karɓa ta haɗiye, ido a rufe, kamar mai shan magani.

Shekaru suka tafi a haka, har waɗanda aka haifa bayan abin suka girma ba su san tana da wani suna ba sai Ummu Nasif.

Sai wata Lahadi gurasa ba ta zo ba.

Fanus ya zame ne a Baitalami da buhun fulawa a kafaɗa, ƙugu ya goce, yana kwance ko juyi ba ya iyawa. Gurasar ranar daga ƙauyen gaba aka kawo. Ita ba ta je coci ba ran nan saboda ƙafa, ba kuma wanda ya yi ƙarfin halin ambata mata sunansa. Ta fito dakali kamar kullum ta kafa wa bangonta ido. Masu dawowa daga coci suka wuce. Aka ci abincin rana. Ummu Adil ta ce ta gan ta tana satar kallon bakin lungu, in an dube ta sai ta hau kakkaɓe zani. Da rana ta karkata, tsohuwa ta jawo sandarta ta miƙe.

Ƙofar coci a rufe take a irin wannan lokaci, kuma ɗan sandan da ke gadi sabo ne, daga can arewa aka turo shi, bai san kowa ba.

"Ina zuwa, Hajiya?"

"Hajiya ce uwarka. Buɗe."

"Sai na san wurin wa kika zo."

"Wurin mai gurasa."

"Ba shi da lafiya, yana kwance. In ce wa ke nemansa?"

Masu sayar da kyandir a bakin ƙofa suka bar abin da suke yi. Ta dubi ɗan sandan sama da ƙasa kamar shi ya jawo duk abin da ya faru tun farko.

"Ka ce Ummu Fanus ce. Kuma ka yi sauri, ƙafata ba ta gwamnati ba ce."

Damiyana ta ce da saƙon ya iso, mutumin da ya kasa juyi ya yunƙura zai tashi, sai da ta danne shi. Tsohuwa ta shigo, ta dubi rufin ɗakin, ta dubi tukwane, ta zauna a bakin gado ba a ce ta zauna ba.

"Ina gurasata?"

"Umma, ai ba kya ci."

"Ina ruwanka da ko ina ci? Naka ka kawo." Ta ɗaga bargon ta dubi ƙugun. "Tsoho da kai kana ɗaukar buhu. Ba ka da hankali tun kana yaro." Sannan ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Ban yafe musu ba. Kada ka je kana cewa na yafe."

"Ban ce ba, Umma."

"Kai ma ban gama da kai ba."

"Na sani."

Akwai wata gurasa ta kwanakin baya a kan taga, ta bushe ƙamas. Ta miƙa hannu ta ɗauka, ta sumbata, ta gutsura da sauran haƙoran da suka rage mata. Ta daɗe tana taunawa.

"Ba gishiri."

"Ba a sa mata gishiri, Umma."

"Na sani. Faɗa kawai na yi."

Tana nan da ranta har yanzu, kuma in kun bi ta lungun ran Lahadi za ku gan ta tana ɗaga gurasa sama tana yi wa Ummu Adil gorin firijin da ya daɗe da mutuwa. Gonar ba a mayar masa ba. 'Ya'yan Labib har yau ba sa gaishe shi.

Da na gama haɗa guntayen labarin nan sai abin ya cika mini ciki. Na ajiye tuk-tuk a ƙofar coci, na shiga Baitalami na same shi ya sunkuya a bakin tanderu. Na tsaya a bayansa na buɗe hannuwa.

"Ammu Fanus! Zakin Nazlat Gabriyal! Mutumin da ya tsaya shi kaɗai gaban gari guda, ya zaɓi Allah ya bar gona da gida da dangi! Wallahi zan rubuta ka, duniya ta san ka, har a ƙasashen da ba su san kurban ba a riƙa kiran sunanka! Me za ka ce wa masu karatu?"

Ya juyo, ya dube ni ta ƙarƙashin farar girar nan, ya dubi ƙafata.

"Ka taka min buhu," in ji shi. "Matsa, kana tare min haske."